Wata Shida na Farko: Shawara ga Mai Jego, da Kaka, da Maigida

A yawancin gidajenmu na ƙasar Kona, da ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, mai jego ba ita ke da ta cewa a kan abin da zai shiga bakin jaririnta ba. In haihuwar fari ce abin ya fi tsanani. Yarinya ce ƙarama, ta tafi gida wanka, kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallonsa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce kar a ba shi kaza. Inna ce ko uwar miji ke ɗauka, ita ke wanka, ita ke ɗura. Maigida kuwa da ya yanka rago ya raba goro da dabino sai ya ga nasa ya ƙare. Don haka wannan shawara ta mutum uku ce. Wanda ya iya karatu a gidan ya karanta ta da ƙarfi, kowa ya ji nasa.

Maganar da zan fi nanatawa ita ce, daga sa'ar da aka haifi yaro har ya cika wata shida, nonon uwarsa ya ishe shi ci da sha. Ba ruwa, ba bauri, ba zuma, ba madarar akuya, ba farau-farau. Kowa ya sha jin wannan a rediyo da bakin malaman likita, amma ji daban, yi daban. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin jarirai ɗari da ba su cika wata shida ba, 23 ne kaɗai ke shan nono zalla. Matanmu ba su gaza wajen shayarwa ba, da yawansu sai yaro ya kusa shekara biyu suke yaye. Ruwa da jiƙe-jiƙe ne ke ɓata aikin.

Da yaro ya faɗo, a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Kafin awa guda zai soma laluben nono da kansa. Ba sai uwa ta yi wanka ba, ba sai an wanke nono da jiƙo ba, ba sai bayan kwana uku ba. Wannan tsotson na farko yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, ga kuma dakashi. Na san abin da ake faɗa a kan dakashi, wai datti ne, wai tsohon nono ne da ya kwanta wata tara, a matse a zubar. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, wannan kuskure ne mai tsada. Ruwan nan mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro. Yana shafe hanjinsa ya kare shi daga cuta, yana kuma fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan ne ke fitowa, amma a ranar farko cikin jariri bai ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya a kowane sha. A yankin Kintampo na ƙasar Gana an bi jarirai kusan 11,000, aka fitar da sakamako a 2006: da duk jarirai za su kama nono cikin awa ta farko, da an tsare kashi 22 cikin ɗari na mace-macen watan farko.

Wani zai ce to ina dabino da zamzam da rubutu? Goga ɗan dabino a dasashin jariri sau ɗaya da yatsa mai tsabta abu ne daban da jiƙa dabino a ruwan randa ana ɗura masa kwana uku. Rubutu da zamzam kuwa a ba uwa ta sha, shi kuma a yi masa kiran salla a kunne, a tofa masa addu'a. Albarka ba ta ragu ba, kuma ba a zuba masa ruwa a ciki ba. Zuma kam a jira sai ya shekara, domin akwai wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri bai iya da ita.

Yanzu ga inda gardama take. Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, ko babba moɗa ba ta barin hannunsa. Jariri na kuka, leɓensa ya bushe, kaka ta dube shi ta ce, “Wannan yaro ƙishi yake ji, ku ji tsoron Allah ku ba shi ruwa.” Gaskiyarta, ƙishi yake ji. Tausayi ne ya sa ta faɗa, ba mugunta ba. Amma maganin ƙishin yana ƙirjin uwarsa. Kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, tatacce, wanda bai bi ta guga ko jarka ko randa ba. Ku matsa ku gani da idonku: nonon da ke fara fitowa tsarara ne, shi ke kashe ƙishi, na ƙarshe kuma fari ne mai maiƙo, shi ke ƙosarwa ya sa ƙiba. In ana zafi yaro kan yi ta neman nono a kai a kai, ya ɗan tsotsa ya saki. Ruwansa ne yake sha. A ba shi duk sanda ya nema.

Ruwan moɗa kuwa illarsa biyu ce. Ta farko zawo, domin ruwan da ba ya yi wa babba komai yana iya kwantar da ɗan wata biyu. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ruwa ya cika ɗan cikin nan, yaro ya rage tsotso, nono kuma tamkar rijiya yake, gwargwadon ɗiba gwargwadon tsattsafowa. Bayan sati biyu ko uku sai a ji ana cewa nonon Wance ya ƙafe, a kawo madarar akuya ko kunu, daga nan sai rama. Haka bauri yake, har ma ya fi, don ba wanda ya san ƙarfin sassaƙen da aka dafa, ga ƙodar jariri ba ta yi ƙwari ba. Kaka, in tausayin ya motsa, ku cika kwanon sha ku miƙa wa uwar. Ita za ta sha, shi kuma ya samu ta jikinta. In kuna son shaida, ku duba fitsari. Jaririn da ya wuce kwana biyar, in yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma fari ne ba ja ba, to ba ƙishi a tare da shi.

Ke kuma mai jego, yawancin abin da ake kira ƙarancin nono rashin kama nono da kyau ne. Zauna ki jingina bayanki. Juyo da yaron gaba ɗaya ya fuskance ki, cikinsa a jikin cikinki, kansa da gangar jikinsa a miƙe, ba wuya a karkace ba. Taɓa leɓensa na sama da kan nono, ki jira ya wangale baki sosai, sannan ki jawo shi gare ki. Idan ya kama daidai za ki ga haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin da ke kewaye da kan nono ya shige bakinsa, kumatunsa sun cika. Zai yi ja a hankali, ya tsaya, ki ji ya haɗiya. In kan nono kawai ya kama, za ki ji zafi, kan ya tsage, shi kuma ya yi ta tsotso ba ƙoshi. Sa ɗan yatsanki a gefen bakinsa ki zare, ki sake ba shi. Ki bar shi ya gama da ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi ɗayan, don ya kai ga mai maiƙon. Sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, har da dare. Kar ki jira kuka. Da kin ga yana juya kai yana tsotson hannu, ya riga ya tambaya.

Akwai kuma gwajin nan da ake yi, a matsa nono a ludayi a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Tururuwa ko a madarar saniya aka jefa ta nutsewa za ta yi. Ba a hana yaro nonon uwarsa don wannan. Ko uwa na zazzaɓi, ko ta yini a rana, nononta bai lalace ba. In nonon ya kumbura ya yi ja yana zafi, a ci gaba da ba shi, a je likita a nemi magani.

Damina ita ce babbar jarrabawa. Ga aikin gandu, ga ɗan gamanarta da take fata ta samu na cefane, ga daka, ga ruwa, ga itace. Sai a bar jariri a hannun yarinya ƴar shekara bakwai tun hantsi har azahar, in ya yi kuka ta ba shi abin da ta samu. Maigida, wannan naka ne. Matar da ke goyon ɗan ƙasa da wata shida a sauke mata aikin gandu na wannan shekara, ko da za ka ɗauki ɗan barema. In dole sai ta fita, ta tafi da yaron, a yi masa inuwa kusa da ita. In kuwa ba hali, ta wanke hannu da sabulu, ta matsa nono a kofi mai murfi da aka wanke da tafasasshen ruwa, a ajiye a gindin randa, a ba shi da ƙaramin kofi kafin awa huɗu. Kwalbar shayarwa mai roba a baki a bar ta a kanti, wanke ta yadda ya kamata ya fi ƙarfin ruwan da muke da shi.

Wankan farko a jinkirta shi zuwa washegari. Farin maiƙon da yaro ke fitowa da shi yana kare fatarsa, sanyi kuma na kama jariri da sauri ko da rani, balle da hunturu. Wanda aka haifa ƙarami, ƙasa da kilo biyu da rabi, ko bakwaini, a goya shi a gaba tsakanin nonuwa, fata da fata, dare da rana, uwa ta gaji kaka ko uba ya karɓa. Likitocin birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan dabara a 1978 da kwalaben ɗumama jarirai suka yi musu kaɗan, yau duniya duka ta karɓa. Ba ta cin ko dala.

Cibiya a bar ta a bushe, a buɗe, tsumma ya tsaya a ƙasanta. Ba toka, ba ƙasar jikin bango, ba man goge baki, ba kashin dabba, ba gashi da tsohon tsumma. In an ba ku maganin shafawa a likita, shi kaɗai za a sa. Da kanta za ta faɗi cikin sati ɗaya zuwa biyu. Ta cibiya tetanos ke shiga, ciwon da ke sa jariri ya daina tsotso ya sandare. A 2016 aka shaida Nijar ta ci ƙarfin wannan ciwo a jarirai, amma ƙwayarsa na nan cikin ƙasa da taki, ba ta tafi ko'ina ba. Kumburin da kan fito a nonon jariri, mace ko namiji, kar a matse shi, zai sace da kansa. Kwalli ma a ɗaga masa ƙafa, da yawansa akwai dalma a ciki, dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa.

Sai ranar suna da zuwan wanzami. Wanzami mutum ne mai daraja a garinmu, gado ya yi, kuma ba na son a wulaƙanta shi. Ya yi aski da sabuwar reza, a ba shi haƙƙinsa cif. Amma cire beli ban ga dalilinsa ba ko kaɗan. Ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro kowane ɗan Adam da shi aka halicce shi, ba ya girma ya toshe wuya, ba ya hana tsotso, ba ya sa amai. Abin da ke hana tsotso shi ne ciwon da aska ta bari. An sha kai jarirai asibiti jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya rube, ko jinin ya bi ta hanyar numfashi. Jaririn kilo uku duka jinin jikinsa bai wuce kofi guda ba, abin da babba zai raina shi ke kashe shi. Haka cire angurya ga ƴa mace, wanda dokar ƙasa ta hana tun 2003. Maigida, kai ke kiran wanzami, kai ke biya, kai ne za ka ce masa, “Baba, a yi aski kawai.”

Akwai alamun da in an ga ɗaya a jariri, musamman wanda bai cika wata biyu ba, ba a kwana da su a gida. Ya ƙi kama nono ko ya rage tsotso sosai. Jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau. Yana jijjiga ko sandarewa. Ya yi laushi, ba ya motsi sai an taɓa shi. Cibiya ta yi ja tana ruwa tana wari, ko ido na fitar da mugunya. Ciwon shawara ya bayyana tun ranar farko, ko ya sauko har tafin hannu da na ƙafa. Maɗiga ta kumbura, ko ta faɗa ciki. Faɗawar maɗiga alamar ruwan jiki ne ya ƙare, shafa mata magani a ka ba ya ɗago ta. Numfashi kuma ana iya ƙirga shi a gida. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a buɗe agogon waya, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin minti guda cur. Ga ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa, daga wata biyu zuwa shekara kuma 50. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko yana nishi, a kama hanya, uwa na ba shi nono a tafe. Ba na hana addu'a, a yi ta a kan moto ko amalanke. Jariri ba ya jinya irin ta babba, wanda ke tsotso da safe yana iya galabaita kafin magariba.

Tun 2006 gwamnati ta ce ganin likita da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Kowa ya san wani lokaci a kan tarar maganin ya yanke, a rubuto takarda a ce a saya, ga kuɗin mai. Saboda haka tun cikin na wata bakwai maigida ya ware wani abu da ba a taɓawa, ya kuma riƙe lambar mai moton da zai tashi ko da tsakar dare ne. Ya bar izini a gida: in ba na nan, a tafi, kar a jira ni. Zuwa likita yana da amfani, an gani a ƙasa. Tsakanin 1998 da 2009, shekarun da aka baza ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, aka raba sange da bitamin A, aka sauke kuɗin maganin yara, mutuwar ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowace haihuwa dubu.

Ko lafiya lau yaro yake, a kai shi awo kowane wata. Ido na ruɗi, wanda ke ganin yaro kullum ba ya lura da ramarsa. Sikeli ba ya ruɗi. A kwanakin farko jariri kan ɗan rage nauyi, wannan ba komai, kafin sati biyu ya mayar. Daga nan, a wata ukun farko, yana ƙara wajen giram 150 zuwa 200 kowane sati, wasu fiye. Wanda aka haifa da kilo uku, wajen wata biyar ya kai shida, in ya shekara ya doshi tara. Idan an ɗora shi a sikeli an rubuta a karne, kar ki karɓa ki naɗe a zane kawai. Ki ce, “Malam, nawa ya yi yau? Nawa ya yi wancan wata?” Ki sa a nuna miki layin. In yana hawa, madalla. In ya kwanta wata biyu a jere, ko ya sauko, akwai abin dubawa tun kafin ta zama tamowa. Kar kuma a ce ai mu jininmu ƙanana ne. Ma'aunin da ake amfani da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar a 2006, bayan ta auna yara sama da 8,000 a Gana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka, ta tarar in an shayar da su an kula da su, girmansu kusan ɗaya ne. Ɗan Kona ma haka. Binciken abinci da ake yi shekara-shekara ya sha nuna fiye da rabin yaran jihar Maraɗi sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan ba gado ba ne, a watannin nan na farko yake somawa.

Lamba tana tafiya tare da awo. Da haihuwa akwai allurar tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a hannu, da ɗigon shan inna. Sai a sati 6, da sati 10, da sati 14, inda ake yin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar, ciki har da tarin shiƙa da mashaƙo da tetanos da ciwon hanta, ga ta ciwon haƙarƙari, ga ɗigon rigakafin zawo. A wata 9 sai ta ƙyanda da shawara. Zazzaɓin kwana ɗaya da ɗan kumburin cinya bayan allura ba abin tsoro ba ne, a ƙara masa nono. Abin tsoro shi ne a yi ta farko a watsar da saura. Mashaƙon da ya ɓarke a Matamaye da wasu sassan jihar Damagaram a 2023 ya fi kama yaran da ba a yi wa lamba ba ko ba a kammala musu ba. Kuma kar a ce abin baƙi ne. Ɗaya daga cikin rigakafin zawon da duniya ke amfani da shi yau, mai jure zafi, a nan ƙasarmu, a Madarumfa, aka gwada shi tsakanin 2014 da 2015, a kan jarirai wajen 3,500, ya rage mummunan zawon da ƙwayar da aka yi shi dominta ke kawowa da kashi biyu cikin uku. A fitar farko ta zuwa lamba a nemi takardar haihuwa, kar a bari wata biyu ya wuce.

Sauran yini na jariri barci ne, awa 14 zuwa 17 a wata ukun farko, a gutsure-gutsure, bai san dare da rana ba sai a hankali. A kwantar da shi rigingine, kan shimfiɗa mai tauri, ba matashin kai, ba tulin zannuwa a fuska, cikin sange kowane dare har da rani. Da hunturu kar a rufe ɗaki da garwashi a ciki, kuma mai goyo ta rage tsayuwa cikin hayaƙin murhu. Da ya cika wata uku ya shiga sahun masu karɓar maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida da shi kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba. Na kwana uku ne kowane zagaye, a ba shi duka ukun.

In ya farka a yi masa magana. Goyo a baya gata ne babba, amma a riƙa sauke shi, a kifa shi a tabarma yana farke ana kallonsa, wuyansa ya yi ƙwari. Wajen sati shida zuwa takwas zai yi murmushi in an yi masa. Wata uku zuwa huɗu ya riƙe kai, ya bi murya da ido. Zama kuwa wani wata biyar, wani sai takwas ko tara, duk daidai ne, ba sai an haƙa rami an tallafe shi da tsumma tun yana wata uku ba. Wanda ya kai wata uku ba ya razana da ƙara, ko ba ya bin fuska da ido, a faɗa wa likita. Kukan yamma yakan tsananta wajen sati shida, ya lafa bayan wata uku. A ba shi nono, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a goya shi a zaga. Kar a girgiza shi da ƙarfi, kar a sayi ruwan magani a tiren mai talla don ya yi barci. Zawo da zazzaɓi kuma a daina jingina su ga haƙori. Lokacin fitar haƙori ne yaro ke kai komai baki, daga nan cutar take. A kai shi, a karɓo gishirin zawo da zinc, a ci gaba da nono.

Mai jego ita ma a dube ta. Ta ci ta ƙoshi, a ƙara mata kwano guda kan abin da ta saba, da wake, da zogale, da gyaɗa, da nama ko ƙwai in an samu. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kunun kanwa kuma a rage masa kanwa sosai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Wadda ƙafarta ta kumbura, tana haki in ta kwanta, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ta shiga baƙin ciki ba ta son ɗaukar ɗanta, likita za a kai ta. In azumi ya zo tana shayar da ɗan ƙarami, shari'a ta yi mata sauƙi, ta tambayi malami yadda za ta rama. Nono zalla dare da rana yana tsare ciki matuƙar al'ada ba ta dawo ba kuma yaro bai cika wata shida ba. Da ɗaya ya sauya, ku je tare ku nemi shawarar tazara. In kuma kunika ta riga ta faru, kar a fizge yaro daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Nonon mai ciki ba guba ba ne, yayen gaggawa ne ke jefa yara cikin tamowa.

Ranar da yaro ya cika wata shida cif, sai a soma ba shi ruwa mai tsabta da abinci, nono kuma na nan har shekara biyu. Kunun ya zama mai kauri, wanda in an karkata cokali ba ya zuba da sauri. Garin gero kashi uku, garin soyayyen wake kashi ɗaya, a zuba ɗan tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli ko cokalin mai, a barbaɗa garin zogale, wata rana ƙwai ko dakakkiyar hanta. A fara da cokali biyu ko uku, sau biyu a yini, ana ƙarawa. Kwanonsa daban, hannun mai ba shi a wanke da sabulu. A wannan watan ne zai karɓi bitamin A na farko, kuma daga nan ake fara auna damtsensa da igiyar nan mai launi uku. Ki roƙi a koya miki, ba ta da wuya, a Mirya an koya wa dubban uwaye kuma sun iya. Ki auna tsakiyar damtsen hagu kowane sati biyu. In ta nuna rawaya, a kai shi cikin satin. In ta nuna ja, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ranar za a tafi, kuma maganin tamowa ba a biyan ko dala a kansa.